Jinkirta yunƙuri a naƙuda: ma'anarsa da alaƙarsa da tiyata

Jinkirta yunƙuri shi ne mai naƙuda ta dakata da nishi bayan bakin mahaifa ya gama buɗewa santimita 10, a bar ciwon naƙuda da kansa ya gangaro da kan jariri cikin ƙugu na awa ɗaya zuwa biyu. An fi yin haka ga wadda aka yi wa allurar kashe zafi ta gadon baya, domin sau da yawa ba ta jin matsin nan mai kama da na bayan gida, wanda ke sa mace yunƙurawa ko ba a ce mata ba.

An daɗe ana zaton jiran yana adana ƙarfin uwa, ya rage tiyata. A 2018 aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan masu haihuwar fari kimanin 2,400, dukansu da allurar. Rabi suka yunƙura nan take, rabi suka jira awa ɗaya. A kowane ɓangare kusan 86 cikin 100 ne suka haihu da kansu, wato jiran bai rage tiyata ba. Sai ma naƙudar masu jiran ta ƙaru da kusan rabin awa, zubar jini bayan haihuwa da kamuwar jakar ruwa da ƙwayoyin cuta suka fi yawa a cikinsu.

Kada a ɗauki wannan a matsayin izinin gaggawa. Nishi tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba yana iya sa shi kumbura ko ya yage, uwa ta galabaita tun da sauran aiki. Shi ya sa ungozoma ke dubawa kafin ta ce "yunƙura". Idan matsin ya zo kafin bakin mahaifa ya gama buɗewa, mace ta kwanta a gefe tana fitar da numfashi gajere-gajere.

Wadda ba ta da allura, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta bi abin da jikinta ke gaya mata, kuma kada kowa ya danna mata ciki.

Abin da ke kai wa ga tiyata a wannan mataki yawanci kan jariri ne ya ƙi sauka, ko ya zo a karkace, ko bugun zuciyarsa ya canza. Idan mai haihuwar fari ta yi awa 3 tana nishi, ko awa 2 ga wadda ta taɓa haihuwa, wajibi ne likita ya sake duba ta, domin tiyata bayan kai ya nutse cikin ƙugu ta fi wuya, ta fi zubar da jini.