Na fara shan ƙwayar tazarar haihuwa, ga ɓatan wata: ciki ne?

Waɗannan tambayoyi mata kan yi su a ɗakin tazarar haihuwa a nan Gombe, daga Pantami har Bolari, galibi cikin raɗa.

Watan jiya na fara shan ƙwaya, har yau ban ga al'ada ba. Ciki ne?

Ba lallai ba ne, 'yar'uwa. Ƙwayar tana hana ƙwai fita, tana kuma rage kaurin shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ita ce ke zubowa a matsayin jinin al'ada. Shimfiɗa in ba ta yi kauri ba, abin da zai zubo kaɗan ne, wani watan ma babu. A wata 3 na farko jini kan rikice, yau ɗigo, gobe shiru. Masu goyo da ke shan irin su Microlut sukan daɗe ba su gani ba.

Ba taruwa jinin yake yi a ciki ba?

Wannan magana tana yi mini ciwo, domin ta sa mata sun watsar da ƙwaya sun faɗa kwanika. Jinin ba ya taruwa ko'ina. Jiki ne bai haɗa shi ba tun farko.

To yaushe ya kamata in damu?

Ki tuna ranar da kika fara. Idan mai guda 28 ce, irin su Microgynon, kuma kin fara cikin kwana 5 da zuwan al'ada, kariya ta kama nan take. Idan bayan haka ne, sai kin sha kwana 7 a jere. Saduwa a tsakanin nan ba tare da kwaroron roba ba tana iya kawo ciki. Microlut kwana 2 take buƙata, amma ba ta son makara: awa 3 suka wuce lokacinta, kariya ta raunana.

Sai mantuwa. Cikin mata 100 masu sha kullum a kan lokaci, wadda ke samun ciki a shekara ba ta kai 1 ba. Amma yadda aka saba sha, yau a tuna gobe a manta, sukan kai 7. Ki ɗaura ta da sallar isha, ko azumi ba zai taɓa miki lokacin ba. Amai cikin awa 2 da sha, gudawa mai tsanani, maganin tarin fuka na rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya, duk suna rage mata ƙarfi.

Yaushe zan yi gwaji?

Mako 3 bayan saduwar da kike shakka a kanta, da fitsarin farko na safe. Tsinken gwajin yana kowane kemis, kuma ƙwayar ba ta canza sakamakonsa. Ko ba ki manta ko ɗaya ba, in wata 2 suka wuce a jere babu jini, ki gwada. Kafin nan ki ci gaba da sha.

In ciki ne, ƙwayar ta cutar da jaririn?

Bincike bai nuna haka ba. Ki daina sha, ki fara awo. Amma in ɓatan watan ya zo da ciwon mara mai tsanani ta gefe ɗaya, ko jiri, ko suma, kada ki jira gari ya waye. Yana iya zama ciki a wajen mahaifa. Maigida ya kai ki Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibiti mafi kusa a daren.