Rina Zare da Saƙa a Gida: Tambayoyin Mai Son Fara Sana'a

Kowane zare ne yake karɓar rini?

A'a, kuma a nan ne masu farawa suka fi yin asara. Yawancin abin da ake kira zaren ulu a kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne. Irin wannan ko kwana ya yi a cikin baba, wato rinin shuɗi, ba zai kama ba, ruwan farko zai wanke shi. Kafin ki zuba kuɗinki, yanki ɗan guntu ki kusanta shi da wuta. Idan ya narke ya dunƙule ya yi tauri, roba ce. Idan ya ci kamar takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. Idan ya yi ƙaurin gashi, to ulu ne na gaske. A ganina auduga ta fi dacewa da mu: tana samuwa, tana shan rini, kuma ba ta dafa jikin jariri lokacin zafi.

Dole sai na haƙa rijiyar rini irin ta Ƙofar Mata?

Ba dole ba ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana haɗa baba da toka da ruwa a rami mai zurfi, a bar su kwanaki su tsima. Ke babbar roba ta ishe ki, ko kuma ki kai wa marina zarenki su tsoma miki. Za ki ga zaren ya fito kore-kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi. Yawan tsomawa da shanyawa shi ke sa launin ya yi duhu.

Kafin rini, ki warware ƙwallon zaren ki naɗe shi zobe-zobe, ki ɗaure sako-sako a wuri uku ko huɗu don kada ya cukurkuɗe, sannan ki dafa shi da sabulu. Zaren da ba a wanke ba rininsa dabbare-dabbare yake fitowa.

Bawon albasa da lalle fa?

Suna ba da launi mai kyau, musamman idan an fara jiƙa zaren a ruwan alif. Kurkur dai kyansa na ɗan lokaci ne, rana na saurin kashe shi, don haka ba na son a sayar wa mutane kayan da aka rina da shi.

Wane kuskure ne ya fi cin jari?

Rina zare kaɗan-kaɗan. Rini biyu ba sa taɓa zama launi ɗaya, ko da hannu ɗaya ya haɗa su. Ki rina abin da zai ishi rigar duka a lokaci ɗaya, har da ɗan ƙari.

Yaya zan sa farashi?

Ki lissafa zare, da kayan rini, da itace ko gawayi, sannan kwanakin da kika zauna da kwarashi a hannu. Wannan na ƙarshe shi mata da yawa suke mantawa, kuma yana damuna, domin shi ne ainihin abin da ake saya. Huluna da rigunan sanyi kasuwarsu hunturu ce, sai ki fara saƙa su tun damina. Kayan jarirai kuwa, hula da safa da mayafin goyo, ana nemansu duk shekara saboda suna.