"Ban", "suspend" da "proscribe": ba duka ba ne "an haramta"

Kwanan nan da wuya ka buɗe rediyo ko ka leƙa Facebook ba ka ci karo da kalmar Turanci "ban" ba. Kuma da zarar labarin ya shiga hannun masu fassara, sai ya fito da riga guda: "an haramta". Gwamna ya hana sayar da fetur a jarka, an haramta. Hukuma ta rufe gidan rediyo na wata uku, an haramta. Kotu ta ayyana wata ƙungiya a matsayin ta 'yan ta'adda, nan ma an haramta. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin takardun da ake fassarowa ba kalma ɗaya ce a cikinsu ba, kuma lauyoyin da suka rubuta su ba haka kawai suka zaɓi kalmomin ba.

"Forbid" hani ne na baki, irin na uba ga ɗansa. "Prohibit" hani ne da ke rubuce a doka, kamar yadda Amurka ta hana sayar da giya daga 1920 zuwa 1933. Waɗannan ba su cika rikita kowa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne sauran ukun: "suspend", "proscribe" da "ban".

"Suspend" dakatarwa ce. Asalinta a Latin ratayewa ne, wato abu ne aka rataye a ƙusa, ana nufin wata rana za a sauko da shi. Da gwamnatin sojan Nijar ta rufe BBC a watan Disamba na 2024, dakatarwa ce ta wata uku. Amma ku tuna da Twitter a Najeriya. Ranar 4 ga Yunin 2021, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, ma'aikatar yaɗa labarai ƙarƙashin Lai Mohammed ta ce ta yi "suspend" ɗinsa har sai abin da hali ya yi. Dakatarwa ba tare da wa'adi ba, a ganina, hani ne da aka shafa wa mai. Washegari ministan shari'a Abubakar Malami ya ce a gurfanar da masu ci gaba da amfani da shi, sai lauyoyi suka tambaya: da wace doka? Ba a buɗe shi ba sai ranar 13 ga Janairun 2022, kuma a watan Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka. Wanda ya ji "an haramta Twitter" a rediyo zai ɗauka akwai dokar da ta mai da shiga shafin laifi, alhali babu ita. Fassarar ta ba gwamnati ƙarfin da ita kanta ba ta iya nunawa a takarda ba.

"Proscribe" kuwa ita ce mai nauyi, kuma tarihinta da jini a jiki. Ma'anarta ta farko ita ce a rubuta abu a kafe a bainar jama'a. A Rum, shekara 82 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani janar mai suna Sulla ya ƙwace mulki, ya riƙa kafe jerin sunayen abokan gabansa a dandalin birni. Duk wanda sunansa ya fito, jininsa ya halatta, wanda ya kashe shi yana da tukuici, dukiyarsa kuma ta zama ta gwamnati, har 'ya'yansa ba su da damar riƙe muƙami. Yau ba a kashe mutum don sunansa ya fito, amma ƙashin bayan kalmar yana nan: ana rubuta suna, a buga shi a jaridar gwamnati ta gazet, daga wannan rana, zama ɗan ƙungiyar ya zama laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Ta wannan hanya, ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011, aka bi da Boko Haram da Ansaru a 2013, IPOB ta masu neman kafa Biafra a 2017, da Harkar Musulunci ta Sheikh Zakzaky a 2019. Ko ka yarda da hukuncin ko ba ka yarda ba, akwai alƙali, akwai takarda, akwai inda za ka je ka ƙalubalanta. Wannan ba ɗaya yake da sanarwar kwamishina a gaban 'yan jarida ba.

Ita "ban" ɗin da ta cika gari, tsohuwar ma'anarta shela ce, irin wadda sankira ke yi da yawun sarki. Wanda aka yi shelar korarsa daga kariyar doka, mutanen Italiya suna ce masa "bandito", kuma daga nan ne Turanci ya samo "bandit", sunan da ake kiran ɓarayin dajin Zamfara da Katsina da shi. Ke nan tun asali kalmar tana nufin wanda hukuma ta riga ta yi shela a kansa. Duk da haka sai a watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yi "proscribe" ɗinsu, kuma sunayen da aka rubuta a takardar su ne 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda, kai ka ce wasu ƙungiyoyi ne masu shugaba da rajista. Duk Bahaushe ya san waɗannan ba sunayen ƙungiya ba ne, siffa ce ta duk wanda ya ɗauki makami a kan bayin Allah. Wannan ma alama ce ta yadda ake ɗaukar kalmominmu da wasa ko a gaban alƙali.

Na san "haramta" ta daɗe a bakin 'yan jarida, kuma idan aka ce "haramtacciyar ƙungiya" a inda kotu ta yanke hukunci, ban ga laifi ba. Amma kunnen Bahaushe, a Kano yake ko a Maraɗi, ba ya raba "haramta" da haramun, da zunubi, da abin da Allah Ya hana. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin Kano saboda tsaro. Dubban magidanta da wannan babur suke ciyar da iyali, suke biyan kuɗin makaranta. An hana su sana'ar, kuma gwamnati tana da hujjarta, amma kuɗin da suka ci jiya ba su zama haramun ba don an wayi gari da sanarwa. Ga "hana" nan, gajera, kowa ya san ta, ba ta ɗora wa kowa zunubi. Ita ya kamata a ce a ranar, ita kuma ya kamata a ce wa mai sayar da fetur a jarka.