Tarke: ma'aunin littafi da hannun da ke riƙe da shi

Ɗaliban adabi suna yawan cewa "an yi wa littafin tarke". Tarke shi ne a zauna da rubutu a bi shi daki-daki: jigonsa, zubinsa, salon harshensa, inda ya yi armashi da inda ya yi rauni. Wanda ke wannan aiki shi ne matarki. Ya fi sharhin jarida zurfi, kuma ba ya nufin kushe, ko da yake a fadar matasa da yawa a nan Damagaram haka ake ɗaukarsa.

Abin da ke damuna shi ne ma'aunin yakan karkata wajen mai mulki. Ba sai mun je nesa ba, ga marubucin Nijar Abdoulaye Mamani. An haife shi a Gudumariya a 1932, ya yi siyasa a garin nan cikin jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari. Da aka haramta Sawaba a 1959 ya yi gudun hijira, har Aljeriya ya zauna. Ya dawo bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta ɗaure shi. A 1980 littafinsa Sarraounia ya fito a Faransa, labarin Sarauniya Mangu da ta tari sojojin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a Lugu a 1899.

To, wane matarki ne zai fito fili a lokacin ya yaba wa ɗan Sawaba? Ko fim ɗin da Med Hondo ya yi daga littafin, a Burkina Faso aka ɗauke shi, ba a Nijar ba, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1987. Mamani ya rasu a 1993 a haɗarin mota, a hanyarsa ta zuwa Yamai.

Yau iska ta juya. Bayan juyin mulkin 2023 sunan Sarauniya Mangu ya hau kan lambar girma ta ƙasa, kowa na yabo. Ina murna da hakan, Allah ya sani. Amma yabon da siyasa ta kawo shi ma bai zama tarke ba. Kwanaki na tambayi wani ƙanena ɗan jami'a ko ya karanta littafin, ya ce, "Yaya, ai kowa ya san babban littafi ne." Na shiga ɗaka na ɗauko nawa, bangonsa duk ya yage, na ce ya karanta ya zo ya faɗa mini inda Mamani ya bi tarihi da inda ya ƙaga.