Sa hannun dijital a manhajojin ofis

Sa hannun dijital hanya ce ta lissafi da ake tabbatar da wanda ya fitar da takarda a kwamfuta, da kuma cewa ba a taɓa ta ba bayan ya sa hannu. Ya bambanta da hoton sa hannu ko na hatimi da ake liƙa wa takarda, abin da aka saba gani a ofisoshi da wuraren buga takardu na Yamai. Hoto kowa na iya kwafe shi. Shi kuwa na dijital, ko waƙafi ɗaya aka ƙara, manhaja za ta nuna ya lalace.

Tarihi

Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka fara bayyana tunanin a 1976 a Amurka: mutum ya riƙe mabuɗi biyu, na sirri wanda yake sa hannu da shi, da na fili wanda jama'a ke tantancewa da shi. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman na jami'ar MIT suka samar da lissafin RSA, wanda ya mai da tunanin abin aiki. Sai dai tambaya ta rage: wa zai shaida cewa mabuɗin fili na wane ne? Amsar ita ce takardar shaida, wadda wata hukuma amintacciya ke bayarwa. Ƙa'idarta, X.509, ta fito a 1988, kuma har yau a kanta ake. Ana yawan ambaton Lotus Notes ta 1989 a matsayin manhajar kasuwa ta farko da ta yaɗa wannan fasaha.

Inda shaidar take zama

Nan ne masu amfani suka fi ruɗewa, domin manhajar ofis ba ta ajiye shaidar da kanta, aro take yi. A Windows, Microsoft Office da LibreOffice duk suna leƙa rumbun shaidu na Windows ɗin. Fayil ɗin shaidar yakan zo da ƙarshen .p12 ko .pfx, a danna shi sau biyu, a sa kalmar sirri, shi ke nan ya shiga.

A Linux babu irin wannan rumbu guda, don haka LibreOffice, wadda ta ɓalle daga OpenOffice.org a 2010, ke karantawa daga ma'ajiyar manhajojin Mozilla, wato Firefox ta shiga intanet ko Thunderbird ta imel. Wanda ya shigar da shaidarsa cikin Firefox alhali manhajar na kallon Thunderbird, zai buɗe wurin sa hannu ya tarar wayam, sai ya je sashen tsaro ya nuna mata ma'ajiyar da ta dace. Da yake yawancin kwamfutocin Nijar da Faransanci suke aiki, sunan wurin sa hannu da za a nema shi ne "Signatures numériques", ƙarƙashin "Fichier".

A macOS ma LibreOffice ta daɗe tana bin hanyar Mozilla, duk da Apple na da tasa ma'ajiyar, Keychain.

Tun wajen 2017 aka ƙara wa LibreOffice damar sa hannu da mabuɗan OpenPGP, wata ƙa'ida daban da X.509.

Matsayin doka

Dokar 2002 kan hanyoyin biyan kuɗi ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, ta amince da sa hannu na lantarki, Nijar kuma ta yi tata dokar mu'amalolin lantarki a 2019. Ana saɓani kan shaidar da mutum ya ƙirƙira wa kansa: manhaja na karɓarta, amma tana gargaɗin cewa ba a tantance mai ita ba.