Waiwaye: Zargin Ɓatanci da Ɗaukar Doka a Hannu, Daga Kafanchan Zuwa Sakkwato

Duk wanda zai yi magana a kan rikicin ɓatanci a ƙasar Hausa, sai ya fara yarda da abu guda, in ba haka ba babu mai saurarensa: son Annabi Muhammadu (SAW) a nan ba abin wasa ba ne. Da begensa ake rarrashin jariri, shi ke cika titunan Kano ran Maulidi da ran Takutaha. Mutumin da sallarsa ma sai a hankali, in aka taɓa Manzon Allah a gabansa sai ka ga jikinsa na rawa. Ciwon na gaske ne, kuma baƙin da suke ɗaukarsa a matsayin wasan 'yan siyasa kawai ba su fahimce mu ba. Sai dai akwai wata gaskiyar da mu ma muke kauce wa: shekara kusan arba'in ke nan ana zubar da jini da sunan wannan ƙauna, kuma in aka bi tarihin a tsanake, mafi yawan waɗanda suka mutu ba su ne suka yi maganar ba.

Dokar hana cin zarafin addini ta girmi duk waɗannan rikice-rikice. Kundin Penal Code da Jihar Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, a sashe na 210, ga wanda ya wulaƙanta addinin wasu ta hanyar da za ta tada hankali. Kudu ma tana da irinsa a nata kundin. Wato tun farko akwai kotun da za a kai ƙara.

Masu nazari da dama suna fara lissafi ne daga Kafanchan, watan Maris na 1987, zamanin mulkin Janar Babangida. Ƙasa ta riga ta ɗau zafi saboda cece-kucen shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986. A Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wani mai wa'azin Kirista da ya fito daga Musulunci ya jawo ayoyin Alƙur'ani a taron ɗalibai, ɗalibai Musulmi suka ce ya ci zarafin addininsu, faɗa ya kaure. A Kafanchan Musulmi ne suka fi jin jiki, aka ƙona masallatai. Da labari ya iso Zariya, Kaduna, Funtuwa da Katsina, sai ramuwar gayya ta tashi, aka ƙona majami'u fiye da ɗari. Salon da za a yi ta gani daga baya ke nan: magana ta fito daga bakin mutum ɗaya a gari ɗaya, wuta ta ci dukiyar dubbai a wasu garuruwan da ba su ma ji abin da aka faɗa ba.

A 1991 an yi rikicin Katsina a kan wani rubutu na mujallar Fun Times ta kamfanin Daily Times, sannan a watan Oktoba Kano ta kama da wuta saboda zuwan Bajamushen mai wa'azi Reinhard Bonnke, wanda aka ba izinin taro bayan an hana Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu irin wannan dama. Amma abin da ya sauya fasalin lamarin shi ne na Disambar 1994. An zargi iyalin wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilar Ibo a Kano da wulaƙanta takardun Alƙur'ani. Hukuma ta kama shi, ta tsare shi. Yana cikin gidan yari, a hannun gwamnati, mutane suka kutsa suka kashe shi, suka zaga gari da kansa. Babu alƙalin da ya saurari shaida, babu wanda ya tabbatar ko yana gida lokacin da abin ya faru. Daga ranar aka gane cewa ko katangar kurkuku ba ta kare wanda aka jefa wa wannan zargi.

Da gwamnan Zamfara na lokacin, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoban 1999, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi wannan hanya, an sa rai cewa magana ta ƙare. Kundin shari'a na Kano na 2000, a sashe na 382(b), ya tanadi kisa ga Musulmin da ya zagi Annabi ko Alƙur'ani. Hujjar masu goyon baya ita ce in jama'a suka ga akwai kotu mai haƙori, ba za su ɗauki doka a hannu ba. Abin da ya biyo baya bai gaskata wannan fata ba.

Nuwambar 2002, cikin watan azumi, Najeriya na shirin karɓar gasar sarauniyar kyau ta duniya. Wata matashiyar 'yar jarida ta rubuta wata jimla ta rashin ladabi game da Annabi a jaridar ThisDay ta ranar 16 ga wata. Jaridar ta yi ta ba da haƙuri a shafinta na farko, amma aka ƙona ofishinta na Kaduna, kafin ka ce kwabo gari ya rikice. Kaduna kuwa ba ta warke daga rikicin shari'a na 2000 ba, wanda ya raba ta biyu, Musulmi suka taru a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa. Cikin kwana uku mutum fiye da 200 suka mutu, Musulmi da Kirista. An mayar da gasar Landan, marubuciyar ta bar ƙasar. Bahaushe ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a Kaduna tsuntsun ya tashi, ruwan ya sauka a kan ɗan acaba da mai tireda da ɗan makaranta. Mataimakin gwamnan Zamfara na lokacin, Mamuda Aliyu Shinkafi, ya fito ya halatta jinin marubuciyar. Ya kamata a tuna cewa Jama'atu Nasril Islam da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci ba su amince da wannan furuci ba, suka ce ba hurumin ɗan siyasa ba ne.

Na 2006 ya fi ban takaici, don mai laifin ma ba a nahiyar yake ba. Wata jaridar Denmark ce ta buga zanen ɓatanci a watan Satumban 2005. Ranar 18 ga Fabrairun 2006 aka yi gangamin nuna ɓacin rai a Maiduguri, ya rikiɗe zuwa ƙone majami'u da shagunan Kiristoci, aka kashe mutane har da limamin cocin Katolika. Da gawarwaki suka isa kudu, sai Anacha ta tashi. Aka bi Hausawa 'yan kasuwa ana kashewa, aka ƙona masallatai, masu sauran kwana suka tsallaka gadar Kwara a guje zuwa Asaba ko suka fake a barikin soja. Mai sayar da albasa a Anacha da mai shagon kayan mota a Maiduguri, babu ɗayansu da ya taɓa ganin jaridar nan. Jimillar waɗanda suka mutu a makon ta haura ɗari.

Nijar ma ta ɗanɗana irin wannan. Bayan harin da aka kai wa mujallar Charlie Hebdo a Faransa a Janairun 2015, Shugaba Mahamadou Issoufou ya shiga jerin gwanon shugabanni a Paris, mujallar kuma ta sake buga wani zanen. Ranar Juma'a 16 ga wata Damagaram ta fashe, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da majami'u, washegari Yamai ta ɗauka. Mutum goma suka mutu, 'yan sanda suka ce an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai. A ƙasar da Kiristoci 'yan ƙalilan ne kuma ake zaune lafiya da su tun da daɗewa, abin ya girgiza kowa. Issoufou da kansa ya ce masu wannan aiki ba su fahimci komai game da Musulunci ba.

Daga nan sai manyan tarzomomi suka ragu, aka koma bin mutum ɗai-ɗai. An fara ganin alamar tun 2007 a Gombe, inda ɗaliban sakandare suka kashe malamar da ke sa ido a jarrabawarsu bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani da ke cikin jakar wata ɗaliba. A watan Yunin 2016, a kasuwar Ƙofar Wambai, aka kashe wata dattijuwa mai shekara 74 bayan sa-in-sa a kan yin alwala a ƙofar shagonta. An gurfanar da mutum biyar, bayan wata biyar kotu ta sallame su bisa shawarar ma'aikatar shari'a ta jiha. A watan Agustan wannan shekarar, a Talata Mafara, aka lakaɗa wa wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau duka, aka bar shi a kwance. Wani bawan Allah ya ɗauke shi a motarsa ya kai shi asibiti. Sai aka koma gidan wannan mutumin aka cinna wuta, mutum takwas suka mutu a ciki. Ni dai wannan labari ya fi kowanne tsaya mini a rai. Laifin gidan nan kaɗai shi ne mai gidan ya ji tausayin wanda ke zubar da jini.

Zuwan wayar hannu ya ƙara wa abin gudu. A da sai labari ya kwana ya wuni kafin ya zaga gari, dattawa su samu sararin shiga tsakani. Yanzu saƙon murya ɗaya a zauren WhatsApp ya isa. Haka aka yi a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayun 2022. Wata ɗaliba Kirista ta yi saƙon murya a zauren 'yan ajinsu, aka ce ta zagi Annabi. Masu gadin makaranta suka ɓoye ta a ɗakinsu, taron ɗalibai ya fi ƙarfinsu, aka fito da ita aka jefe ta, aka ɗora tayoyi aka ƙona, wasu na ɗaukar bidiyo fuskokinsu a buɗe. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan a ranar. Da aka kama mutum biyu, sai zanga-zangar neman a sake su ta ɓarke, har Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita. Ba a tuhume su da kisan kai ba, haɗin baki da tada hankali aka rubuta, daga baya kuma aka sallame su. Atiku Abubakar, yana neman takarar shugaban ƙasa a lokacin, an wallafa saƙon Allah-wadai a shafinsa, da aka yi masa ca sai aka goge. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda tsoron ƙuri'a ke ɗaure bakin manya.

Wanda ya ɗauka cewa wannan matsalar Kiristoci ce, to ya sake duba. A 2015 rikicin cikin gida ne: an zargi wani mai wa'azi da ake kira Abdul Inyass da kalaman ɓatanci a wurin Maulidin Shehu Ibrahim Inyass a Kano, shugabannin Tijjaniyya suka barranta da shi, masu zanga-zanga suka ƙona kotun Rijiyar Lemo da ake shirin gurfanar da shi. A 2020 an ƙona gidan iyayen mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu a Sharifai tun kafin ya ga alƙali. A watan Yunin 2022 an kashe wani ɗan sintiri Musulmi a kasuwar katako ta Lugbe a Abuja. Ranar 25 ga Yunin 2023, ana sauran kwana uku Babbar Sallah, aka jefe wani mahauci a mahautar Sakkwato a gaban yara ƙanana, alhali waɗanda suka san shi suna rantsuwa cewa mutum ne mai riƙo da addini, ba a fahimci maganarsa ba ne. Zargin da ba ya buƙatar shaida makami ne a hannun duk mai jin haushin maƙwabcinsa, ko abokin hamayyarsa a kasuwa, ko ɗan wata ɗariƙar.

Malamanmu sun san hukuncin. Littafin Ashafa na Alƙali Iyal, wanda ake karantawa a zaurukanmu duk azumi, ya tsaurara ƙwarai a kan mai zagin Annabi, ba wanda ke musun wannan. Amma a fiƙihun Malikiyya da muke bi, zartar da hukunci aikin shugaba ne da alƙalinsa, bayan an kawo shaidu adalai, an ji ta bakin wanda ake tuhuma, an duba hankalinsa da lafazin da ya yi. Suratul Hujurati ta umarce mu da yin bincike in labari ya zo mana, kuma Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Manzon da ake cewa ana karewa shi ne ya tsawata wa Usama ɗan Zaidu a kan kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. Malamai da yawa suna faɗin haka a karatu. Matsalar ita ce ranar da abu ya faru, wasunsu sai su yi shiru, wasu kuma su hau mumbari su yi magana mai harshen damo wadda matashi zai fassara a matsayin izini.

Masu kare ɗaukar doka a hannu suna da hujja guda da suke maimaitawa: wai gwamnati ba ta hukunta masu ɓatanci. Gaskiya ne cewa tun 1999 ba a zartar wa kowa hukuncin kisa a kan ɓatanci ba. Amma kotuna ba barci suke ba. An yanke wa Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa a watan Agustan 2020, babbar kotun jiha ta soke shi a Janairun 2021 saboda an yi shari'ar ba shi da lauya, ta ce a sake, maganar ta kai har Kotun Ƙoli. An ɗaure Mubarak Bala, wanda ya bar addini aka kuma zarge shi da ɓatanci a Facebook, shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar. Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara, bayan muƙabalar da aka yi da shi a 2021, kotun shari'a ta Ƙofar Kudu ta yanke masa hukuncin kisa a Disambar 2022, ya ɗaukaka ƙara. A watan Afrilun 2025 kotun ECOWAS ta ce sassan nan biyu na dokokin Kano, 210 da 382(b), sun saɓa wa yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da Najeriya ta sa wa hannu, gwamnatin Kano ta ce ba ta yarda ba. Wannan muhawara ce babba tsakanin dokokin jihohi da sassa na 10, 38 da 39 na tsarin mulkin 1999, waɗanda suka hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, suka kuma ba da 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki, kuma ba ta ƙare ba.

Waɗanda ake zargi da ɓatanci dai suna ta shekaru a gidan yari ana tafka shari'a a kansu. Waɗanda suka yi kisa a Ƙofar Wambai da Kwalejin Shehu Shagari kuwa, babu ko ɗaya da kotu ta samu da laifin kisan kai. A ƙarshen watan Agustan 2025 an sake ƙona wata mai sayar da abinci a Kasuwan Garba da ke ƙaramar hukumar Mariga ta Jihar Neja, kan wata magana da aka ce ta faɗa, tun kafin ƙarin jami'an tsaro su iso wurin.