Burga Ba Ta Ci a Ƙaramin Teburin Poka

An daɗe ana ɗauka cewa gwanin poka, wani wasan caca na karta, shi ne mai yawan burga, wato ya zuba kuɗi a kan karta mara ƙarfi don abokan wasa su tsorata su janye. Gasannin talabijin ne suka yaɗa wannan tunani, domin wasannin ban mamaki ake zaɓowa a nuna.

A teburin ƙananan kuɗi, yawan burga asara ce. 'Yan wasan can ba su cika janyewa ba, tunda abin da za su biya su ga kartarka bai taka kara ya karya ba. To wa za ka tsorata? Sai dai haƙuri: ka yar da yawancin kartar da aka raba maka, in mai kyau ta zo ka ɗora kuɗi sosai. Ga kuma kamashon gidan caca, wanda ya fi yi wa ƙaramin tebur nauyi.

A manyan tebura kuwa, idon kowa na kanka. Wanda ba ya zuba kuɗi sai da karta mai ƙarfi, nan da nan a gano shi, a daina biyansa. Dole ya gauraya burga da gaskiya bisa lissafi, shi ya sa ƙwararru ke nazari da manhajoji irin su PioSolver.